Tsofaffin Fina-finan Watsewar Iyali da Masu Tara Su

Galibin masu zuwa kallon silima sabon abu suke nema. In an nuna fim yau, an kuma nuna gobe, jibi sai su ce ya tsufa, a kawo wani. Amma a Turai da Amurka da Japan akwai waɗansu mutane waɗanda al'amarinsu ya saɓa wa wannan. Su tsohon fim suke bi, wanda aka daina nunawa tun kafin a haife su, har masu shi ma suka manta da shi a ɗakin ajiya. Sukan ɓatar da kuɗi da lokaci wajen neman naɗin fim guda a cikin gwangwaninsa, ko kuwa takardar tallarsa da aka taɓa mannawa a bangon gidan silima, kamar dai yadda malami kan bi sawun wani littafi da aka ce akwai kofensa guda ɗaya rak a hannun wani dattijo a gari mai nisa. A cikin irin abin da waɗannan mutane ke ɗauka da daraja akwai fina-finan da ke ba da labarin watsewar iyali, watau inda miji da mata, ko uwa da ɗa, suka rabu ba da sonsu ba. Hanya mafi sauƙi ta gane dalilin haka ita ce a ɗauki guda ɗaya a dube shi da kyau.

Sunan fim ɗin Make Way for Tomorrow, ma'anarsa a buɗe wa gobe hanya. An yi shi a Amurka a 1937, a kamfanin Paramount. Wanda ya tsara shi kuwa, Leo McCarey, da wasannin ban dariya aka san shi, shi ne ma ake cewa ya fara haɗa Laurel da Hardy, siriri da ƙato, su yi wasa tare. Rasuwar mahaifinsa ce ta juya hankalinsa wajen tsofaffi, ya ɗauko tushen labarin daga wani littafi na wata mata, Josephine Lawrence.

Zamanin yana da nasa hannu a ciki. Tun daga 1929 ciniki ya karye a Amurka, masana'antu suka rufe, mutane bila adadin suka rasa aiki, bankuna suka yi ta karɓe gidajen da aka jinginar musu. A 1935 gwamnati ta kafa dokar ba tsofaffi fansho, amma ba a fara biya wata wata ba sai a 1940. Saboda haka tsohon da ya rasa aiki da gida a 1937 ba shi da madogara sai 'ya'yansa. Waɗanda suka shiga kallon fim ɗin a wannan shekara sun san haka sarai, da yawansu ma da irin wannan tsoho suka baro a gida.

Ga yadda labarin yake. Barkley Cooper tsohon akawu ne, shekararsa hamsin da auren matarsa Lucy, 'ya'yansu biyar duk sun yi gidajen kansu. Ran nan suka tara huɗu daga cikinsu, domin ta biyar tana can Kalifoniya, tsoho ya gaya musu shekararsa huɗu ba aiki, banki zai karɓe gidan. Aka tambaye shi wa'adin da aka ba shi, ya ce wata shida. Har 'ya'yan sun fara sakin jiki, sai ya ƙara da cewa ran Talata wa'adin ke cika. Kunya ce ta hana shi faɗa da wuri. To, ba wanda ke da wurin mutum biyu. Wata 'yar, Nellie, ta yi alkawarin ɗaukarsu duka bayan wata uku, alhali kuwa ba ta shawarci mijinta ba, shi ko da ya ji ya ce sam. Aka shirya dai uwar ta tafi gidan babban ɗanta George a birnin Niyok, uban kuma ya tafi gidan 'yarsa Cora, tsakaninsu mil 300, wai kafin a ga abin da hali zai yi.

Daga nan ne gwanintar McCarey ta fara bayyana. Mai tsara wasa wanda bai ƙware ba da sai ya mai da 'ya'yan nan azzalumai, tsofaffin kuma waliyyai, mai kallo ya yi ta tsine wa waɗancan yana tausayin waɗannan, ya tashi ransa fes, yana ganin shi kam ba haka yake ba. McCarey ya ƙi ba mai kallo wannan mafita. Matar George, Anita, mace ce mai ƙoƙari, tana koya wa mutane wata irin karta a falonta da dare don ta taimaki mijinta da kuɗin cefane. Sai ga surukarta ta fito, an kawo mata kujerarta mai lilo, ta zauna tana kaɗawa, kujera na ƙara, tana leƙa kartar baƙi tana sa musu baki. Duk wanda ya kalli wurin nan zai ji tsohuwar ta dame shi, zai ji da ma ta koma ɗaki. Ana cikin haka sai waya ta buga, ashe mijinta ne daga can nesa. Ta ɗauka, tana magana da ƙarfi irin ta wanda bai saba da waya ba, tana tambayarsa lafiyarsa, tana ja masa kunne ya riƙa rufe jikinsa saboda sanyi, tana jin ciwon kuɗin da ya kashe wajen kiranta. Masu karta suka yi tsit. An ɗauki hoton daga bayanta, ba a nuna hawaye ba, ba a sa kiɗan tausayi ya yi wa mai kallo jagora ba. Kunyar da ta kama baƙin nan ita ce ke kama mai kallo, gama shi ma ɗazu ya ƙosa da ita.

Uban ma ba a wanke shi ba. An nuna shi mutum ne mai taurin kai, wanda bai yi tanadi ba sa'ad da yake da ƙarfi, mai gardama da likita. Cora ta ajiye shi a doguwar kujera yana kwana, ran da mura ta kama shi aka kira likita sai ta yi maza ta mai da shi kan gado don kada a ga inda yake kwana. Abokinsa guda a garin shi ne wani Bayahude mai ɗan kanti, Max Rubens. Da tabaransa ya fashe, wurin Max ya kai wasiƙar matarsa a karanta masa. Max na cikin karatu ya iso inda maganar ta zama ta miji da mata, sai ya ninke takardar ya miƙa masa, ya ce sauran ya bari sai an gyara tabarau. Bayan tsohon ya fita, mai kanti ya ƙwalla wa tasa matar kira, ba don wani aiki ba, don dai ya ga tana nan. Wanda ya taɓa kai wasiƙarsa wurin wani a karanta masa kafin ya iya karatu zai gane nauyin wannan wuri fiye da yawancin Turawan da suka kalle shi.

Abin ya ci gaba da tsananta. Cora ta fake da maganar likita ta ce sai a kai uban Kalifoniya inda babu sanyi, can kuma wurin mutum ɗaya ne. A gidan George kuwa jikar tsohuwar ta shiga wata rigima da wani mai aure, Anita ta ɗora wa surukarta laifin ɓoye mata abin da ta sani. Lucy ta ga ambulan daga gidan ajiye tsofaffin mata, ta gane abin da ake shiryawa. Da George ya zo zai faɗa, bakinsa ya yi nauyi, sai ta riga shi, ta ce ita ce ke son a kai ta can, ta kuma roƙe shi kada a gaya wa ubansa, a bar shi yana zaton tana gidan ɗanta. Ta ɗauke wa ɗanta nauyin furta maganar, ta bar shi da nauyin sanin ta gane. A fim ɗin duka babu wurin da ya fi wannan ciwo, kuma ba wanda ya ɗaga murya a cikinsa. Beulah Bondi, wadda ta fito a Lucy, ba ta kai shekara hamsin ba a lokacin, kwalliya ce da iya tafiyar tsofaffi suka mai da ita 'yar saba'in.

Kashin ƙarshe na fim ɗin 'yan sa'o'i ne da aka ba su a Niyok kafin jirgin tsohon ya tashi. Suka yi yawo a gari, wani dillalin mota ya zaci masu kuɗi ne ya ɗauke su, da ya gane kuskurensa bai ɓata rai ba, ya kai su otal ɗin da suka sauka suna ango da amarya. Manajan otal ya karɓe su da girmamawa, mai kiɗa ya ga sun shigo fili ya sauya kiɗan zuwa irin na zamaninsu. A nan mai sukar fim zai iya cewa zaƙin ya yi yawa, domin kowane baƙo da suka gamu da shi mutumin kirki ne, duniya kuwa ba haka take ba. Sukar tana da gaskiyarta. Amma akwai abin da ke ƙarƙashinta: alherin baƙo na sa'a guda ne, ba ya cin ɗaki, ba ya cin kwanon abinci kullum, shi ya sa yake da araha. 'Ya'yan da ke can sun dafa abinci suna jira su ne aka ɗora wa na kullum, suka kasa. Tsofaffin suka ƙi zuwa cin abincin. George ya lura da lokaci yana wucewa, ya yi shiru da gangan har ya zama ba za su iya riskar jirgin ba. A tasha miji da mata suka yi sallama, kowannensu na cewa sai an jima kaɗan, kowannensu ya san ba haka ba ne. Jirgi ya ja, ta bi shi da kallo, ta juya. Fim ya ƙare.

Shugaban Paramount, Adolph Zukor, ya matsa a sauya wannan ƙarshe, a haɗa tsofaffin, McCarey ya ƙi. Fim ya fita bai yi kasuwa ba, McCarey ya bar kamfanin. Ba abin mamaki ba ne, gama mutumin da ke fama da kuɗin haya ba ya biyan kuɗin tikiti don a nuna masa abin da ya gudo wa. A cikin shekarar nan kuma McCarey ya yi wani wasan ban dariya, The Awful Truth, a kamfanin Columbia, aka ba shi lambar Oscar a kansa a 1938. Da ya karɓa ya yi godiya, ya ce amma an ba shi a kan fim ɗin da ba shi ya kamata ba.

Labarin bai mutu ba, sai ya yi ƙaura. Wani marubucin Japan, Kogo Noda, ya ga fim ɗin ya riƙe shi a zuci, daga baya shi da Yasujiro Ozu suka rubuta Tokyo Story na 1953, labarin tsofaffi biyu da suka je birni ganin 'ya'yansu suka tarar ba mai lokacinsu sai matar ɗansu da ya mutu a yaƙi. A 2012, da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambayi masu tsara fina-finai na duniya, wannan na Ozu suka sa a gaba da kowane. Ɗa ya shahara, uban yana kwance a gwangwani. Wanda kuma ya saba kallon fina-finan Indiya wataƙila ya ga Baghban na 2003, inda Amitabh Bachchan da Hema Malini suka fito a iyayen da 'ya'yansu huɗu suka raba su. Ƙashin labarin ɗaya ne, amma an yi masa abin da Zukor ya nema: 'ya'yan miyagu ne ƙuru-ƙuru, ga wani ɗan riƙo mai biyayya ya zo ya share musu hawaye, tsohon ya rubuta littafi ya yi arziki, ya tsaya gaban jama'a ya ƙi yafe musu. Baghban ya yi kasuwa ƙwarai. Yana da daɗin kallo, ba a musu, sai dai mai kallo yakan tashi yana tuna 'ya'yan wani. Na McCarey kuwa kansa yake tunawa.

To, ina masu tarawa suka shigo? Sai an san yadda fim ke mutuwa. Har zuwa wajen 1951 ana yin naɗin fim da wani sinadari, naitiret, mai kama wuta kamar fetur, in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi, in kuma ya daɗe sai ya narke ya zama gari. A watan Yuli na 1937, watanni kaɗan bayan fitowar fim ɗin McCarey, ɗakin ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey ya ƙone, yawancin fina-finansu na zamanin da ba a magana suka tafi. Wanda ya maye gurbin naitiret ba ya cin wuta haka, amma in zafi da laima suka same shi sai ya fara wari mai tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe. Babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya ba da lissafi a 2013 cewa a cikin kowane 100 na manyan fina-finan ƙasar marasa magana, 70 sun ɓace ɗungum. Kamfani kuwa abin da ke kawo kuɗi yake sake wankewa. Fim ɗin kaboyi da na ban dariya akan sake fito da su, na tsohuwar da za a kai gidan tsofaffi ba mai waiwayarsa.

A 1958 Paramount ta sayar wa kamfanin MCA tsofaffin fina-finanta masu magana don a riƙa nunawa a talabijin. Ta irin wannan hanya ce fina-finai da yawa suka faɗa hannun masu tarawa: ƙananan naɗi da aka wanke domin gidajen talabijin da makarantu, in an gama da su sai su bi ta bayan gida su shiga kasuwa. Da kaset ɗin bidiyo ya zo, sai mutum ya kwana zaune yana jiran wani tsohon fim da za a sa da tsakar dare, ya ɗauka, ya kwafa wa abokinsa, abokin ya kwafa wa wani, hoto na ƙara dusashewa. Abin ma ba ya rasa haɗari, domin kamfanoni na ganin kayansu ne. A 1974 jami'an FBI sun shiga gidan ɗan wasa Roddy McDowall suka kwashe fina-finan da ya tara, ko da yake ba a gurfanar da shi ba. Make Way for Tomorrow ya daɗe mutum bai iya shiga kanti a Amurka ya saye shi ba, sai a 2010 kamfanin Criterion ya fito da shi a faifai, a shekarar kuma aka sa shi cikin jerin fina-finan da gwamnatin ƙasar ta ɗauki alkawarin kiyayewa. Shekara 73 ke nan bayan an yi shi.

Abin da ya kashe masa kasuwa shi ne ya sa masu tarawa suka riƙe shi. Fim ɗin da ya ƙi lallashin mutane ba ya tara jama'a a dare ɗaya, amma wanda ya gan shi ba ya mantawa, sai ya gaya wa wani. Orson Welles, wanda shi kansa gwani ne a sana'ar, ya taɓa cewa fim ɗin zai sa dutse kuka, irin wannan magana kuwa ita ke sa mutum ya shekara goma yana neman abin da bai taɓa gani ba. Har wa yau kallon kaɗaici ya fi dacewa da shi. A gidan silima, in abu ya taɓa mutum sai ya yi tari ko ya yi dariya don kada na kusa ya gane. A ɗakinsa kuwa ba mai ganinsa. Ga shi kuma fim ɗin iyali a cikin ɗaki ake yinsa, saboda haka yakan adana abin da littafin tarihi ba ya kulawa da shi: yadda ake jera kujeru, yadda ake amsa waya, yadda suruka ke duban suruka.

Amma sha'awar nan tana da cutarta. Akwai mai tarawa wanda ƙarancin abu ne ke burge shi, ba kyansa ba. A wurinsa fim ɗin da kofensa biyu ne a duniya ya fi wanda ke da dubu, ko da na biyun ne mai ma'ana. Lalle kuwa da yawa daga tsofaffin fina-finan rabuwar iyali an manta da su ne don sun cancanci mantuwa, kuka ne kawai da kiɗan goge, ba hankali a ciki. Tsufa ba ya mai da su gwanaye. Akwai kuma mai rowa, wanda zai kulle gwangwani a kabad, ba ya nunawa, ba ya bari a kwafa, don kada darajar kayansa ta faɗi, har ya mutu magada su tarar da tulin abu mai wari su zubar. Wannan ya yi wa fim ɗin abin da aka yi wa Lucy, ya sama masa wurin kwana ya raba shi da mutane. Na kirki a cikinsu su ne irin Henri Langlois na Faransa, wanda ya fara da tara gwangwanaye a gidansu, ya kafa gidan ajiyar fina-finai a birnin Faris a 1936, ya ɓoye da yawa lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar, kuma duk abin da ya tara burinsa a haska shi mutane su gani.

Ƙasar Hausa ma tana da nata a wannan babi. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, labarin watsewar iyali ne tun daga farkonsa: an yi wa mijin uwar sharri a fada an kore shi, an sace yaron, bauta ta kai shi hannun wani Balarabe har ƙetaren hamada inda ya zama malami, uwar ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai tana gab da mutuwa. A can mahara ne da rairayi suka raba uwa da ɗa. A na McCarey ba sarƙa, ba takobi, ga jirgi ga waya, mil 300 kacal, amma rabuwar ta tabbata. Dukansu biyu sun ƙi ba mai kallo haɗuwar da yake so. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin fim, da Hausa, mai tsawon fiye da sa'a biyu. Daga baya aka daina ganinsa, har aka ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 waɗansu masu sha'awar tsofaffin fina-finai suka tarar da gwangwanayensa a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, har da uwar naɗin da ake wanke sauran daga jikinta. Wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a watan Fabrairu na 2018. Waɗanda suka zauna kallonsa a can sai da aka rubuta musu fassarar maganar a ƙasan hoton kafin su san abin da uwar Umar ke faɗa.